Taragon da Ba Shi da Taga

Ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba, kuma yadda ƙafafuna suka zama yanzu ba na jin zan shiga. Dogo bai zo Sakkwato ba. Ya zo Gusau, ya karkata ya nufi Ƙaura, ya bar mu da jakunanmu. Duk da haka na sa wa jirgi fitila da hannuna, tarago uku, na kuma ɓata na huɗun. Jirgin yana nan ƙarƙashin gadona, naɗe cikin tsohon zane. Tsawonsa duka bai wuce kamu biyu ba, kuma na ƙanena ne.

Gidanmu yana kusa da Ƙofar Taramniya. Sana'armu ƙira ce, amma ba ta garma da fartanya ba. Tun da garwar kananzir ta shigo gari mahaifinmu ya koma yankan garwa, yana fid da mazurari da moɗa da buta da fitilar aci-bal-bal, a kan wannan ya tashe mu mu biyu kafin Allah ya yi masa rasuwa. Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma yi mini magana kai tsaye. In tana son in ci abinci sai ta fuskanci bango ta ce, "A hwaɗa ma wancan tuwo na hucewa." Ƙanena kuwa shi ne auta. Shi take kira, shi take zagi, shi take ɓoye wa ƙanzo. Ban taɓa jin haushin haka ba, kowane gida haka yake. Hannunsa ya fi nawa kyau a wurin aiki, na sani, ko da yake ban taɓa gaya masa ba. Bakinsa kuma ba ya hutawa. In yana zaure, masu kawo gyaran buta sukan manta da abin da ya kawo su, su zauna sauraron shirmensa har azahar.

Shekarar da ake jan dogo zuwa Ƙaura, wata safiya mai unguwa ya yi sallama a zaurenmu. Ina bakin uwar maƙera ina daddale gefen garwa, ƙanena yana zuga wuta. Mai unguwa bai zauna ba. Ya ce Nasara na son mutane don aikin diga, wato haƙa da shimfiɗa dogo, an rarraba wa unguwanni, gidanmu zai ba da mutum ɗaya. Ya zuba mini ido, don ni ne babba, ni ya kamata in amsa.

Ban amsa ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da bugun garwa, kamar ƙarar guduma ce ta hana ni ji. Na ji kowace kalma. Matata tana da tsohon ciki a lokacin, kuma shekara da shekaru ina gaya wa mutane wannan ne dalili. Ƙarya ne. Tsoro ne ya ɗaure mini baki, don mun ga yadda waɗanda suka je diga suke dawowa, in sun dawo. Na buga, na buga, har gefen garwar ya yi laushi ya tsage. Sai na ji zugar wuta ta tsaya. Ƙanena ya miƙe, ya kakkaɓe hannuwansa, ya ce wa mai unguwa, "Ni za ni, baba. Yaya shina da aiki." Da dariya ya faɗa, yadda yake faɗin komai.

Ya yi rani biyu da damina ɗaya. Fatake ne suka dawo mana da shi a kan jaki, a tsakanin buhunan gishiri, don ƙafafunsa sun kumbura ba ya iya takawa. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, kansa ya yi tabo inda kwandon ɗaukar ƙasa ya ci, ga wani tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Inna ta dube shi ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Da ya ɗan farfaɗo yakan gaishe da Inna, ya yi wa matata sannu da aiki, ya ɗauki 'yar da aka haifa mini bayan tafiyarsa ya ɗora a cinya. Ni kuwa in na yi sallama ya amsa, tunda amsa sallama dole ce. Daga nan babu ƙari. Bai zage ni ba, bai ɗaure mini fuska ba. In na tambaye shi jiki sai ya kaɗa kai ya dubi wani wuri. Mutumin da a da sai na ce ya yi mini shiru in ji da aikina, yau ina neman kalma ɗaya daga bakinsa kamar mai neman ruwa.

Na san abin da ya kamata in yi. A garinmu ko ƙauye mutum zai tafi cin kasuwa yakan ce wa na gida a yafe juna. Maganar ba ta da tsawo. Amma ni Allah ya yi ni in ƙera buta goma ya fi mini sauƙi da in faɗi magana ɗaya mai nauyi. Sai na ƙera masa buta sabuwa. Na sayo masa kilishi, wanda ba ya iya taunawa. Na kira wanzami, na karɓo rubutu, na jiƙa saiwoyi iri-iri. Ya karɓi komai da hannu biyu, bai ce mini uffan ba, tarin kuma kullum gaba yake yi.

Wata rana da la'asar Inna tana tsince shinkafa, ta ce masa, "Wai auta, mi a' jirgin nan da yac cinye min kai? Awa mi shike?" Washegari sai ga shi ya dafa bango ya fito zaure, ya zauna a mazaunin mahaifinmu, ya fara tsintar ɓarɓashin garwa da nake zubarwa. Bai nemi almakashi a wurina ba. Ni na tura masa da ƙafa, ya ɗauka.

Ya kai wata biyu yana wannan aiki, kullum daga hantsi zuwa lokacin da tari zai kayar da shi. Ina satar kallonsa. Ya yi kan jirgi da bututun hayaƙinsa. Ya yanka ƙafafu daga gindin garwa, ya zura musu ƙusa, suna juyawa sumul. Ya tsaga karan dawa ya jera biyu a matsayin dogo. Sannan ya yi taragu huɗu, kowanne bai fi tsawon tafin hannu da rabi ba, ya liƙe gaɓoɓinsu da dalma. Uku na farko ya yanka musu tagogi, shida ta nan shida ta can, a jere kamar an auna da zare. Na huɗun akwati ne kawai a rufe, da ƙofa ɗaya mai zamewa a gefe. Lokacin da ya kai gare shi almakashi ya fara suɓuce masa. Na ce a raina ƙarfinsa ne ya ƙare kafin ya yanka tagogin, tausayinsa ya kama ni.

Ya shimfiɗa karan a tsakar gida ya ja jirgin da zare, matan maƙwabta suka taru suna salati. Inna ta sunkuya ta leƙa ta taga, ta ce, "Ashe ɗakuna na anka jera bisa ƙahwa."

"Ba haka shike ba, Inna," in ji shi. "Babu wuta. In ya wuce da magariba tagogin ga duk haske na. Kana ganin Nasara zaune ciki shina cin abinci bisa tebur, mu muna gehen hanya da kwandunanmu. Sai da wuta shika zama jirgi."

Ya sa aka ba shi tsumma, ya kunna, ya cusa cikin tarago ɗaya. Hayaƙi ya turnuƙe, tari ya sarƙe shi har ya fid da jini, aka kwashe shi zuwa ɗaki. Daga ranar bai sake fitowa zaure ba. Duk wanda ya shiga duba shi, in ya fito sai ya ce Allah ya sa kaffara ne, ya sunkuyar da kai. Mun san abin da ke tafe, babu dai mai faɗa.

Ni kuwa na kwashi jirgin na kai zaure. Fitila ai aikina ce, na yi ɗaruruwa. Na ƙudurta in na sa masa wutar nan, ya ga jirginsa ya cika, zai yi mini magana, in ya yi magana ni kuma sai in roƙi gafararsa. Haka na tsara abin, daki-daki, kamar mai haɗa buta. Na ɗauka kwana biyu zai ɗauke ni.

Akwai wani ɗaki a bayan zaure inda muke tara gawayi, ba shi da taga, in an saki tabarma a ƙofarsa ko da rana tsaka ba ka ganin tafin hannunka. Nan na mai da wurin gwaji. Na fara da abin da na sani: aci-bal-bal 'yar ƙarama, da kananzir da lagwani, na zura cikin tarago na farko. Kai, abin ya yi kyau! Haske ya fito ta tagogi goma sha biyu ya kwanta a kan gawayi. Ban gama murna ba na ga dalma tana gangarowa ta kusurwa kamar man shanu a rana. Rufin ya zame ya faɗi, gefe ɗaya ya buɗe. Na kai hannu na ƙone yatsu uku. Na zauna cikin duhu ina tsine wa garwa da wanda ya kawo ta, alhali wautar tawa ce. Wutar kananzir ta fi ƙarfin ɗan wuri irin wannan, kuma yaron da ya yi wata ɗaya a maƙera ya san dalma ba ta son zafi. Ga shi na lalata aikin hannun mara lafiya.

Sai da na warware rufin taragun uku duka, na kankare dalmar, na mai da gaɓoɓin na ninki, baki cikin baki, a danne da guduma yadda ko an sa a wuta ba za su saki ba. Na bar kananzir na koma man gyaɗa, wanda wutarsa ba ta da fushi. Na ƙera kaskon mai da bai fi ɓawon gyaɗa girma ba, na murza lagwani da silin abawa uku. Wannan bai narka komai ba, amma ya zo da nasa iya shegen. Ana jan jirgin man yake tangaɗi ya zube, iska kuma ta shiga ta tagogi ta kashe wutar. Ko ba ta mutu ba, in ka duba harshen wutar kake gani tsirara, fitila ce dai a cikin gwangwani. Ba wannan ya kwatanta wa Inna ba. Shi cewa ya yi tagogin ne suke haske.

Zubar mai na magance ta da cusa auduga cikin kaskon, ta shanye man ta riƙe. Tagogi kuwa na rasa abin rufe su. Na gwada fasasshen ƙwan fitila, ya ƙi yankuwa, sai tsagewa. Na gwada takarda da mai, ta kama da wuta. Ranar nan ina alwala idona ya faɗa kan tandun kwallin matata a rana, na ga haske yana ratsa fatar. Na tafi wurin masu yin tandu, wani dattijo ya ba ni ragowar fata, yana tambayata ko ƙirar ce ta ƙi na koma dukanci. Na jiƙa ta, na kankare har ta yi shara-shara, na ɗame a bayan ƙwarya ta bushe, na yayyanka, na manne a bayan kowace taga da ƙaro.

A nan matata ta gaji da ni. Mutane suna ta aikowa a karɓi butocinsu, ni ina ɗakin gawayi. Ta tsaya a ƙofa ta ce, "Maigida, ka hito ka zamna gun ƙanenka. Ba hitila shika jira ba." Na daka mata tsawa na ce ta koma madafi, mace me ta sani game da ƙira. Ta juya ta tafi. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na yi tsawar.

Da na gama manna fatar sai na bi kowace kafa na toshe, don kada iska ta sami hanya. Na yi wa kaskon ɗan faranti mai zamewa, a kunna a waje, a tura ta ƙofar ƙarshen tarago, a rufe. Na kunna, na tura, na rufe. Tagogi suka yi ja-ja kamar garwashi, daidai yadda nake so. Kafin in ƙirga ashirin hasken ya dusashe ya mutu. Na sake lagwani, ya mutu. Na sake mai, na ce wanda aka sayar mini gauraye ne, har na je na yi wa mai man rashin mutunci a banza. Kwana huɗu ina wannan hauka.

Bazara ce, irin ta Sakkwato, wadda ko ƙadangare ba ya fitowa da azahar. Rana ta biyar ina cikin ɗakin gawayi, tabarma a sake, gumi yana shiga mini ido, na ji numfashina yana yin sama-sama. Na ɗaga gefen tabarmar na zura hanci waje na shaƙi iska. Ina nan a durƙushe abin ya faɗo mini. Ni da nake zuga wuta tun ina yaro, na manta ita ma sai ta sha iska. Na ɗauki basilla na huda ƙananan kafofi a ƙasan kowane tarago inda ido ba ya gani, na buɗe 'yar hanya a rufi daidai kan lagwani, na ɗora mata hula don haske kada ya tsere ta sama. Na goge cikin taragun da toka har suna ƙyalli, na rage lagwani ya koma sili biyu saboda kunkunniya. Na kunna. Wutar ta tsaya cak, ba ta rawa, na ja jirgin gaba da baya ba ta mutu ba. Na zauna ina kallo har man ya ƙare, kuma ba zan ɓoye ba, na yi kuka.

Saura na huɗu, akwatin nan rufaffe. Na juya shi a hannu na ce bari in ƙarasa wa ƙanena abin da ciwo ya hana shi. Na auna tagoginsa da tsinke, na zana irinsu daidai, shida ta nan shida ta can, na yanka, na goge bakinsu da magagari. Na manna fata, na huda ƙasa, na sa hula, na zura kasko. Duk cikin huɗun babu wanda ya kai shi kyau, don a kansa hannuna ya gama faɗawa. Na jera su ina jin kaina wani abu.

Bayan azahar na shiga ɗakinsa da sallama, ya amsa. Inna tana zaune wajen ƙafafunsa tana masa fifita, matata ta biyo ni da garwashi a kasko. Na shimfiɗa karan dawa daga bakin ƙofa zuwa gaban shimfiɗarsa, na kunna fitilun ɗaya bayan ɗaya, na ce a saki tabarma. Ɗaki ya yi duhu. Na fara jan zaren a hankali.

Tagogi suka taho a jere, haskensu yana tafiya a jikin bango. Inna ta saki mafici ta ce, "La'ilaha illallahu." Ƙanena ya yunƙura ya dogara a kan gwiwar hannu, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Tarago na farko ya wuce ta gaban fuskarsa, na ga idanunsa a buɗe, bakinsa ya ɗan motsa irin na da, lokacin da zai saki wata maganar banza. Na biyu ya wuce. Na uku ya wuce. Ina ta shirya maganata a baki.

"Tsaya," in ji shi.

Ita ce kalmar farko da ya faɗa mini tun ranar mai unguwa, ban da amsa sallama. Na tsaya. Tarago na huɗu yana daidai gabansa, yana ta haske.

"Wa yac ce ma ka huda wanga?"

Na ce na ga bai samu ya ƙarasa ba ne, shi ya sa.

"Na ƙarasa shi," ya ce. "Shi na hwara ƙarasawa cikin raina, tun kahin in taɓa sauran." Ya yi tari, ya huta, sannan ya ci gaba, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ni yake kallo ba, taragon yake kallo. "Wanga ba shi da taga. Na kayan ƙarhe na. Da munka kasa ɗaukar kwando, mu marasa lahiya, ciki nai anka zuba mu a maishe mu Gusau. Anka ja ƙohwa anka sa sakata ta waje. Sai anka aje mu gehen hanya, wai wani jirgi za shi wuce. Tun hantsi hal la'asar, cikin bazara, ƙarhe ta sama ƙarhe ta ƙasa. Wuri guda iska ka shigowa, tsagar ƙohwa, layi muka yi kowa shi sa hanci shi ba wani. Akwai wani dattijo da yaj jingina ga kahwaɗata. Ina ta ba shi labari don kar shi ji tsoro, ka san ni da surutu. Da anka buɗe, ashe tun tuni ni ɗai nika magana."

Ina jin numfashin Inna.

"Na bar shi ruhe don Inna ta gani da idonta, ba sai na hwaɗi ba. Ga shi ka sa na hwaɗi."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa maganar da na yi wata da watanni ina tsarawa ta fito a karkace, ba yadda na shirya ba. Na ce, "Ka yahe min. Ranar nan na ji mai unguwa. Na ji shi sarai. Ka yahe min don Allah."

Ya koma ya kwanta, ya rufe ido. Can ya ce, "Hidda hitilar. Toshe tagogin, ka maishe shi yadda na bar shi. Sannan ka zo."

Na ɗauki taragon da zafinsa na fita.

Faci goma sha biyu ne. Ko almajirin maƙera zai gama su tsakanin hantsi da azahar, ni kuwa da dalma kafin ruwan alwala ya huce na gama. Amma na ce dalma za ta nuna, shi kuma cewa ya yi yadda ya bar shi. Sai na shiga yanka kowane faci daidai bakin tagarsa, ina saka shi, ina daddalewa da ƙaramar guduma a kan uwar maƙera har gaɓar ta ɓace, ina gogewa da toka. In na ga ɗan layi ya fito sai in cire in sake. Na gaya wa kaina ladabi ne, kada in kai masa aikin ha'inci. Yau da na tsufa na san sunan abin. Ya ce in gama in zo, kuma ban san abin da zai ce in na zo ba. Muddin akwai sauran taga a buɗe, bai ce a'a ba tukuna.

Kwana na farko na toshe biyar. Na biyu matata ta leƙo ta ce jikin ya yi tsanani, ko kunu ba ya wucewa. Na ce ina zuwa, saura kaɗan. Na je har bakin ƙofarsa da la'asar, na ji tarinsa, na tsaya da taragon a hannu, na duba na ga faci na tara ya ɗan tasa. Na juya na koma zaure.

Rana ta uku da hantsi saura taga ɗaya. Ina cikin bugu na ga inuwa ta tare ƙofar cikin gida. Sai na ji an kira sunana, sunana na yanka, da muryar da ban taɓa jin ta faɗe shi ba. Na ɗaga kai, Inna ce tsaye, ba mayafi, tana kallona ido cikin ido.

"Aje gudumag ga," ta ce.

Na ajiye. Kafin azahar mun kai ƙanena makwancinsa.

Bayan an share makoki, ranar da baƙi suka watse, na same ta ita kaɗai a ɗakinsa tana naɗe tabarmarsa. Tun daga ranar nan ta daina yi wa bango magana, ni take yi wa, kuma na gwammace da ba ta fara ba. Na durƙusa a bakin ƙofa na tambaye ta ko ya bar mini wata magana.

Ta ce, "Ya tambaye ka da sahe. Nic ce bari a kira ka. Sai yas saurara, yaj ji guduma. Yac ce, 'Bar shi, Inna. Yaya shina da aiki.'"

Na ce, "Da dariya yaf faɗa, Inna, ko kuwa?"

Ta ɗaure tabarmar ta jingina a bango. Ta ce ba ta sani ba, ɗakin da duhu, ba ta ga fuskarsa ba.

Na yi shekaru da yawa bayan wannan ina yankan garwa, na ƙera fitilun da ban san iyakarsu ba, amma ban sake kunna na jirgin ba. Tarago na huɗu yana nan da facinsa goma sha ɗaya, ba mai iya gane inda suke sai ni. Taga ta ƙarshe har yau a buɗe take.